Sau Ɗaya Aka Roƙi Malam Laouali

Duk wanda ya yi zaman Riyad a cikin mutanenmu, in dai ya taɓa neman ɗinkin sallah a ƙurarren lokaci, ya san Malam Laouali. Tela ne, mutumin Damagaram, dogo siriri, mai tafiya a hankali kamar ba ya so ƙasa ta ji nauyinsa. Ya shigo ƙasar yana saurayi, gashinsa baƙi wuluk, ya zauna a wani ɗan shago a bayan kasuwar Batha ƙarƙashin kafilinsa, wato mai tsaya masa a ƙasar, wani tsohon Balarabe da har ya koma ga Allah bai iya faɗin sunansa daidai ba. Yanzu ɗan tsohon ne ke sabunta masa ikama, takardar izinin zama, shi ma bai iya ba.

Amma ba ɗinki ne ya sa ake ce masa Malam ba. Makaranta ce, kuma asalinta wata wayar tarho ce da bai taɓa mantawa da ita ba.

A wancan zamanin babu wayar hannu. In mutum zai gaisa da gida sai ya je ɗakin buga waya a Batha ya bi layi, can kuma a Damagaram an riga an aika an ɗauko tsohuwarsa ta zo gidan wani ɗan kasuwa mai tarho tana jira. Wata Alhamis ya riƙo hannun ɗansa Maulud, yaro ɗan firamare, ya ce yau zai gaisa da kakarsa. Tsohuwa ta shirya masa tsiya irin ta kaka da jika. Tana jin numfashin yaron ta ce, “Maigidana ne? Ka tafi ka bar ni babu cefane, ko ka yi sabuwar amarya ne a can?”

Yaro ya ɗago ya dubi ubansa. Sannan ya gaishe ta da Larabci, “Kef halik, ya jadda?”

Da Laouali ya karɓi wayar sai ya ji muryarta ta sauka. “Laouali, ɗan wa ka ba wa wayar?”

Bai ci abinci ba ranar. Ya koma gidansu na haya a Al-Oud, ya tsaya a tsakiyar falo yana dubawa kamar mai auna yadi, ya ce wa matarsa Marwa a ture kujerun nan bango. Alhamis ta gaba yara sun cika darduma: 'ya'yan direbobin Maradi, 'ya'yan masu shara da masu gadi, har da na wasu nas-nas daga Kano da suka ji labari a asibiti. Allonsu tsohon murfin ƙofa ne da ya shafa wa baƙin fenti, allinsu kuma allin tela ne. Bai fara da baƙi da wasali ba, don shi kansa bokonsa ba mai nisa ba ne. Da gaisuwa ya fara. Ina kwana, ina gajiya, ina aiki, yaya mutan gida. Yadda ake durƙusawa, yadda ake miƙa abu da hannu biyu, abin da za ka ce in kakarka ta tsokane ka. In ya gaji, Marwa ta karɓa da tatsuniya daga bakin kicin, tana juya funkaso tana canza murya.

In sanyi ya shigo, Mahamadu direba, amininsa mutumin Maradi, yakan loda su a motar maigidansa su nufi Dir'iyya. A lokacin tsohon garin nan na gefen Riyad kango ne, ba mai tambayarka me ka zo yi. Su shimfiɗa tabarma a gefen kwarin, ƙarƙashin dabino, Laouali ya nuna musu tsofaffin katangun ƙasa ya ce, “Kun ga wannan? Haka Birni yake a garinmu, sai dai namu ya fi kyau.” Yaran da ba su taɓa ganin Damagaram ba su gyaɗa kai. Yanzu in ya bi ta hanyar sai ya ga injinan ɗaga kaya sun tsaya cirko-cirko, da fitilu, da masu gadi da kayan sarki. Yana kewar tabarmar nan ƙwarai.

Makaranta ta girma ta fi falo. Aka kama wani tsohon gida a Al-Jaradiya mai ɗakuna da tsakar gida. Hutun mako ya tashi daga Alhamis ya koma Asabar, karatu ya bi shi. Aka ɗauki malaman Alƙur'ani, da na Turanci da lissafi saboda yaran da za su koma gida jarrabawa. Abu ɗaya ne bai motsa ba: darasin farko na safiyar Asabar na Hausa ne, kuma na Malam Laouali ne. Ba wanda ya isa ya taɓa shi, domin shi ne kwamitin makarantar, shi da Mahamadu da wani dattijo da yanzu yake kwance a maƙabartar Al-Oud. Ba wanda ya zaɓe su. Su dai aka tarar, kuma mitin ɗinsu bai wuce butar shayi ɗaya ba.

To, zamani ya kawo sababbin iyaye. Likitoci, injiniyoyi, ma'aikatan banki, masu zuwa da kwantiragi da mota mai sanyi. Mutanen kirki ne, kada a yi musu ƙarya, su suka gyara rufin da ke yoyo. Su ne kuma suka ce makaranta mai wannan girma ba ta tafiya da butar shayi, a yi kwamiti na zaɓe, iyaye su jefa ƙuri'a. Ba wanda ya yi gardama.

Wanda ya fara fitowa shi ne Injiniya Mu'azzam, ɗan Kaduna, yana aiki a gine-ginen Dir'iyya ɗin nan. Mutum ne mai ladabi da ba ya ɓoye abin da ke ransa. Ya rubuta a guruf ɗin iyaye cewa safiyar Asabar ɗaya ce tal gare su, yara kuwa suna buƙatar kwamfuta da ƙarin Turanci, Hausa kuma aikin iyaye ne a gida. Sai Dakta Jamilat, likitar mata, ita damuwarta motar ɗaukar yara da na'urar sanyaya ɗaki. Da aka tambaye ta batun Hausa ta ce za a duba. Wasu ma sun fito. Kowa ya gane lissafin: in Malam Laouali yana cikin sabon kwamiti, darasinsa na nan, in ba ya ciki, ya tafi. Kowa kuma ya san in ya tsaya sai ya ci, don rabin iyayen nan a kan dardumarsa suka koyi ina kwana.

Aikin tattara sunayen 'yan takara aka ɗora wa Usaid. A Riyad aka haife shi, ɗan wata nas ce Bakanuwa, Hajiya Rekiya, wadda ta yi ritaya ta koma gida. Yana aiki a wani kantin magani, yaro mai gaskiya tsantsa, irin wanda in ka ce masa ka ƙoshi zai ɗauke kwanon. Hausarsa ta Malam Laouali ce, amma in abu ya yi sauri Larabci ke riga ta fita.

Ya zo shago bayan la'asar, ya durƙusa kamar yadda aka koya masa, ya jero gaisuwa ba tuntuɓe. Laouali ya ji daɗi har cikin ransa.

“Baba, iyaye sun ce a sa sunanka a takara,” in ji Usaid. “Na zo in ji daga bakinka.”

Laouali ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinki, ya sauke tabarau. “Ni? A'a, ɗana. Ni wane ne? Ga likitoci, ga injiniyoyi. Na tsufa, na gaji. Ku bar wa yara.”

“Baba, ka tabbata?”

“Ku bar wa yara, na ce.”

Idon Usaid ya ɗan kawo ruwa. Ya dafa ƙirji. “Abshir, Baba. Yadda ka ce haka za a yi.” Ya sumbaci Malam a ka irin na mutanen ƙasar, ya fita.

Laouali ya bi shi da kallo yana murmushi. Ya yi abin da ya gada. A idonsa, yana yaro, mutanen unguwa suka zo wa mahaifinsa da batun limanci, tsoho ya ce shi bai isa ba. Suka koma suka dawo da dattawa, ya ce akwai waɗanda suka fi shi karatu. Sai a zuwa na uku, da goro a ƙwarya, ya sunkuyar da kai ya ce to, tunda kun matsa. Haka mutumin kirki ke karɓar girma a Damagaram. Mai cewa na yarda tun tambayar farko, sunansa makwaɗaici har jikokinsa.

Ya rufe shago da wuri ranar. Yana shiga gida ya ce wa Marwa ta ciro masa shaddar nan ruwan toka daga ƙasan akwati a kai wa mai guga.

“Ɗaurin aure za a?” ta ce.

“Baƙi za mu yi. Za su zo da manya.”

“Wato ka ƙi ke nan.”

“Da me kike so in yi?”

Ta dube shi ta gefen ido, irin kallon da ta yi shekara da shekaru tana yi masa. “Malam, yaran nan fa ba a Birni aka yanke musu cibi ba.”

“Ni na koyar da Usaid,” ya ce, ya rufe maganar.

Ya sayo dabino mai kyau da garin gahawa. Ya sa aka wanke darduma. Kullum in ya dawo masallaci sai ya ɗan daɗe a ƙofar gida, wai yana shan iska, a garin da iskarsa ke gasa fuska. In ya ji an rufe ƙofar mota a layin, sai ya gyara hula. Mahamadu, wanda da yana nan da tuni ya ja kunnen yaran, ya tafi Maradi aurar da 'yarsa. Kwanaki suka yi ta tafiya, dabino ya fara raguwa, don Marwa ta ce ba za ta zuba ido tururuwa su riga ta ba.

“Ka kira yaron nan mana,” ta ce masa wata safiya.

“In kira in ce me? In ce a zo a roƙe ni?”

“Ka ce ka sake shawara.”

“Ba a yi bakin da zai faɗi haka a gidanmu ba.”

Ranar da aka fitar da 'yan takara a guruf, Marwa ce ta miƙa masa wayar. Hotuna ne reras, kowa da murmushinsa da alkawarinsa. A ƙasa Usaid ya ƙara nasa bayani, cewa ya je wurin Baba Laouali da kansa, Baba ya ce ya gaji a bar wa yara, don haka a girmama maganarsa, a yi masa addu'a. Iyaye kuwa suka buɗe baki. Allah ya saka da alheri. Allah ya sa a mizani. Allah ya ba da hutu mai albarka. Wata ma ta turo muryarta tana kuka, tana tuna funkason Marwa. Laouali ya karanta har ƙarshe, ya ajiye wayar a hankali. An yi masa ritaya da addu'a, kuma babu wanda zai riƙe da laifi. Abin ya yi masa ciwo fiye da a ce zaginsa aka yi.

Ranar zaɓe ya sa shaddar, tunda an riga an goge. Tsakar gidan Al-Jaradiya ta cika, maza a gefe mata a gefe, yara suna guje-guje suna kiran juna da Larabci. Aka ba shi kujerar gaba mai hannu, aka ce shi zai buɗe taro da addu'a. Ya buɗe. 'Yan takara suka tashi ɗaya bayan ɗaya, Hausa na shiga Turanci na fita. Injiniya Mu'azzam ya yi bayaninsa tiryan-tiryan, kuma Laouali ya ji a ransa cewa mutumin ba ƙarya yake yi ba. Yaran suna buƙatar abin da ya ce. Sai dai shi Injiniya bai taɓa tsayawa a ɗakin buga waya ya ji tsohuwarsa ta kasa gane jikanta ba.

Ana shirin raba takardun ƙuri'a Mahamadu ya shigo, jiya jirginsa ya sauka. Ya karɓi tasa, ya nisanta ta da ido, ya kusanto da ita. Shi kuwa bai iya raɗa ba tun yana yaro.

“Ina sunan Laouali?”

Injiniya Mu'azzam, da yake mai adalci ne, ya miƙe ya karɓi makirufo. “Baba, in akwai kuskure a gyara. Wallahi in kana so a sa sunanka, yanzun nan za a sa, ba wanda zai ce a'a. Kana so?”

Da a falonsa ne, da dattawa biyu da goro, da wata magana ce. Amma a tsakiyar taro, da lasifika, mata na kallo, ɗalibansa na kallo, a ce wa ɗan limamin unguwa ya buɗe baki ya ce ina so? Zuciyarsa tana cewa e. Ya ɗaga hannu ya yi murmushi.

“A'a, Injiniya. Ku ci gaba. Allah ya yi muku albarka.”

Aka tafa masa. Tafi mai tsawo, har da masu miƙewa tsaye. Mahamadu ya zauna daɓas ya riƙe kai.

Injiniya ya ci, Dakta Jamilat ta ci, da wasu mutum uku. Bayan hutu sabon jadawali ya fito, kwamfuta a farkon safiya. Injiniya da kansa ya zo shago ya gaya masa, ya durƙusa, ya ce duk ranar da Baba ya ga dama ya leƙo ya sa musu albarka. Laouali ya ce ba komai. Abu ɗaya ya roƙa, a ba shi tsohon allon nan na murfin ƙofa da ke jingine a sito. Mahamadu ya ɗauko masa shi a bayan mota har Al-Oud.

Asabar ta farko ya tashi da wuri kamar kullum, ya yi wanka, ya sa hula, sannan ya tuna. Ya tafi shago ya buɗe tun kasuwa ba ta farka ba, ya zauna gaban keke bai taka ba. Marwa ba ta ce ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya, wannan kuwa ba ƙaramar sadaka ba ce daga wurinta.

Wata Juma'a bayan la'asar aka yi sallama a ƙofar gida. Mahamadu ne a gaba da babbar riga, Usaid a bayansa riƙe da ƙullin goro, da wata 'yar yarinya mai kitso biyu tana maƙale da ƙafarsa. Usaid ya durƙusa ya kasa ɗago kai. A bayyane yake an wanke shi tas a mota.

“Baba, ban sani ba,” ya ce. “Wallahi na ɗauka in babba ya ce a'a, ladabi shi ne a bar shi.”

Laouali ya dube shi. Ya koya wa yaron nan ina kwana da ina gajiya, ya koya masa durƙuso da hannu biyu. Ƙi kafin a karɓa, wannan ɗaya ce ba ta taɓa hawa allo ba, don bai taɓa zaton abin koyarwa ba ce.

“Tashi ka zauna,” ya ce. “Ba ka yi laifi ba.”

Usaid ya gyara zama, ya ja numfashi kamar mai shirin doguwar tafiya. Ya ce kujerar kwamiti ta riga ta wuce, ba shi da iko a kanta. Amma ga 'yarsa Jidda. Shekaranjiya Hajiya ta kira daga Kano, tana tsokanarta wai kishiya ta ƙwace mata miji, yarinya ta tsaya tana kallon wayar, ta juyo ta tambaye shi da Larabci me tsohuwar ke cewa. Akwai iyaye da dama masu irin wannan kuka. Shi ne suka ce ko Baba zai yarda, ranar Juma'a bayan la'asar, ko da a nan falon ne...

“Na yarda,” in ji Laouali.

Usaid ya tsaya da baki buɗe. Ya dubi Mahamadu, ya dubi goron da ko kwance shi ba a yi ba. “Baba Mahamadu ya ce za ka ƙi. Ya ce sai na dawo, na sake dawowa.”

“Ka zo shago na ƙi. An tambaye ni a taro na ƙi. Wannan ta uku ce.”

Ya faɗe ta da ƙarfin hali, kamar dama haka ya tsara. Amma Marwa da ke bakin kicin ta ji yadda muryarsa ta yi rawa, ta kuma san gaskiyar: tsoro ya ji kada yaron ya sake dafa ƙirji ya ce abshir. Ba ta tona shi ba. Ta shigo ta fara tura kujeru bango, Mahamadu ya tashi ya kama mata.

Laouali ya jawo allon daga bayan labule, ya share ƙurar da hannun riga, ya laluba aljihu ya sami guntun allin tela. Sannan ya sauko ƙasa da kyar, gwiwoyinsa suna ƙara, har fuskarsa ta zo daidai da ta yarinyar.

“Zo nan, amaryata. Yaya sunanki?”

Ta leƙo daga bayan ubanta. “Ismi Jidda.”

“Sunana Jidda,” ya ce. “Faɗi in ji.”